Yumɓu, Ƙarfe da Halin Mutum

Karatu: Irmiya 18:1-10 da 19:1-11

Yau za mu yi magana a kan wani aiki da kowannenmu yake yi kowace rana, da saninsa ko ba da saninsa ba. Aikin nan shi ne siffantawa, wato a ɗauki abu a ba shi kama.

A Hausa kowace sana'a tana da sunan da take kiran wannan aiki. Mai yumɓu gini take yi. Maƙeri ƙira yake yi. Mai gizago sassaƙa yake yi. Mai lambu yakan tanƙwara reshe. Uwa da uba kuwa tarbiyya suke yi. A Turanci kalma ɗaya ce ake amfani da ita a ma'aikatar ƙarfe da kuma a ajin masu nazarin halin ɗan Adam. Ku tambayi tsofaffin gidanku yadda ake faɗin waɗannan a yarenku. Za mu bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowanne zai koya mana game da yaranmu, da ikilisiyarmu, da mu kanmu.

A gidan maginin tukwane

Wajen shekara 600 kafin haihuwar Kristi, Ubangiji ya aiki annabi Irmiya gidan wani maginin tukwane a Urushalima. Irmiya ya tarar da shi yana aiki. Tukunyar da yake ginawa ta lalace a hannunsa. Bai jefar da yumɓun ba. Ya dunƙule shi, ya sāke gina wata tukunya yadda ya ga ya dace. Nan ne Ubangiji ya nuna wa annabin cewa jama'ar Isra'ila haka suke a hannunsa. A Ibrananci, kalmar da take nufin maginin tukwane tushenta ɗaya da kalmar da aka yi amfani da ita a Farawa 2:7, inda Allah ya siffanta mutum daga turɓaya.

Wannan hoto ba baƙo ba ne a gare mu. A ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna, masu haƙar kuza sun tono siffofin gasasshen yumɓu tun daga 1928, waɗanda aka gina fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Idan kuma kuka duba bayan takardar naira 20, za ku ga Ladi Kwali tana gina tukunya. Bagwariya ce daga garin Kwali. Ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce kuma mace ta fari a wurin. Ta rasu a 1984.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ginin tukwane ya san abu ɗaya. Ba ta yin gaggawa. Takan tsince tsakuwa daga yumɓun, ta cuɗa shi, ta ɗora kaɗan kaɗan. Hannu ɗaya yana ciki yana tallafa, ɗaya yana waje yana dannawa. Idan ta danna daga waje ba tallafi a ciki, tukunyar za ta rufta. Idan ta tallafa kawai ba ta danna ba, ba za a sami tukunya ba. Iyaye, ku riƙe wannan. Horo hannun waje ne, ƙauna hannun ciki ce, kuma tare suke aiki.

A maƙera da ma'aikata

Masu ƙere-ƙere suna da manyan hanyoyi na ba abu siffa, dukansu kuwa muna ganinsu a kasuwanninmu.

Hanya ta fari ita ce zubi. Masu yin tukunyar alminiyum sukan tara tsofaffin gwangwanaye da tarkacen inji, su narkar, su zuba a mazubin da suka shirya da yashi. Alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660 na ma'aunin Salshiyos. Da ya narke, ba shi da zaɓi. Siffar mazubin da aka zuba shi ita zai ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce ƙira. Maƙeri yakan sa ƙarfe cikin gawayi, yaro yana buga zuga-zugi, har ƙarfen ya yi ja. Sa'an nan ya ɗauke shi da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga da masaba. Ba ya bugun ƙarfe mai sanyi, don ya san zai wahalar da kansa ne kawai, ƙarfen kuma yana iya tsagewa.

Hanya ta uku ita ce ragewa. Masassaƙi ba ya ƙara kome a kan kututture. Cirewa yake yi har turmi ya fito. A ma'aikatun ƙarfe akwai inji mai irin wannan aiki, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga James Nasmyth, injiniya ɗan Sikotilan, a 1836. Yau injuna na zamani sun karɓe yawancin aikinsa, amma yadda yake aiki abin lura ne. Bakinsa guda ne. Yakan tafi gaba ya fere ƙarfe ɗan kaɗan, ya dawo baya ba tare da ya yanki kome ba, ƙarfen ya gusa gefe kaɗan, ya sāke tafiya. Idan mai aiki ya zurfafa bakin don ya gama da wuri, ko bakin ya karye ko aikin ya lalace.

Ku lura da dawowar nan da injin yake yi ba yanka. Ita ma sashen aikin ce. Akwai gidajen da uba ba ya buɗe baki sai don gyara. Da safe faɗa, da rana faɗa, da dare faɗa. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Yaro yana bukatar lokacin da zai zauna kusa da babansa ba a yanke shi.

Hanya ta huɗu ita ce ƙarawa, kamar yadda mai tukwane take ɗora yumɓu a kan yumɓu. A zamanin nan har akwai injuna masu bin umarnin kwamfuta, suna ɗora roba ko ƙarfe shimfiɗa bisa shimfiɗa har abu ya tsaya. Dabarar iyayenmu mata ce a sabon kaya.

Tantabara da ƙwallo

Yanzu bari mu je wurin masu nazarin hali. B. F. Skinner masani ne ɗan Amurka, an haife shi a 1904, ya rasu a 1990. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana aiki da tantabaru a saman benen wata ma'aikatar garin alkama a birnin Minneapolis, tare da abokan aikinsa Keller Breland da Norman Guttman. Wata rana suka so su koya wa tantabara ta buga ɗan ƙwallon katako da bakinta. Suka sa ƙwallon a gabanta, suka shirya hatsi, suna jira ta buga su ba ta. Suka yi ta jira, ba ta buga ba.

Sai suka canja dabara. Da tantabarar ta dubi ƙwallon kawai, suka ba ta hatsi. Bayan haka ba su ba ta ba sai ta matsa kusa. Sa'an nan sai ta kai baki. Sa'an nan sai ta taɓa. Cikin 'yan mintoci tana bugun ƙwallon da ƙarfi. Wannan shi ne abin da masu nazarin hali suke kira siffantawa: a sāka wa duk abin da ya yi kusa da halin da ake nema, sa'an nan a riƙa gusar da ma'aunin gaba kaɗan kaɗan. A wani littafi da ya buga a 1953, Skinner da kansa ya kwatanta wannan aiki da na mai siffanta dunƙulen yumɓu.

Dabarar tana da ƙa'idodi huɗu. Ka san inda kake so a kai. Ka fara daga inda mai koyo yake. Ka sāka masa nan take, ba gobe ba. Idan kuma ya kāsa, matakin ya yi girma ne, sai ka koma baya ka rage shi. Yau ana amfani da wannan wajen koya wa yara masu jinkirin magana, da taimakon waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama su sāke amfani da hannu, da horar da dabbobi.

Iyaye mata za su ce, "Ai mun san wannan tun da." Gaskiyarku. Ranar da jariri ya ce "ma", ba wadda take cewa, "Ba haka ake faɗa ba." Murna ake yi, a ɗaga shi, a kira maƙwabta. Daga "ma" ya kai "mama", daga nan ya kai, "Mama, ina jin yunwa." Abin baƙin ciki shi ne, da yaro ya kai shekara biyar ko shida, sai mu manta da wannan hikima. Mu zauna muna jiran cikakken aiki kafin mu ce madalla, kamar mutanen nan da suka zauna suna jiran tantabara.

Abin da muke ginawa ba da saninmu ba

'Yan'uwa, dabarar nan tana aiki ko mun nufa ko ba mu nufa ba. Ga misali. Uwa tana kasuwa da ɗanta. Yaro ya ce, "Mama, saya mini alewa." Ta ce a'a. Ya fara ƙunƙuni, ta ce a'a. Ya fashe da kuka, ya kwanta a ƙasa, mutane suna kallo. Don kunya ta saya masa. Me yaron ya koya? Ya koyi cewa roƙo a hankali ba ya kawo kome, birgima ita take kawo alewa. Gobe daga birgima zai fara. Uwar ma ta koyi wani abu: idan ta bayar, kuka yana tsayawa. Kowannensu ya siffanta ɗan'uwansa. Wani masani mai suna Gerald Patterson a Jihar Oregon ta Amurka ya yi shekaru yana nazarin irin wannan zagaye a cikin iyalai, ya nuna yadda yake girma ya zama taurin kai da faɗa.

Maganin ba wuya gare shi a faɗa, sai dai yana bukatar haƙuri. In za ki bayar, ki bayar tun yana roƙo da ladabi. In kin ce a'a, ki tsaya a kai, ko da kukan zai ƙaru a kwanakin fari, don yakan ƙaru kafin ya ragu. Ki kuma lura da lokacin da yake zaune lafiya, ki ce, "Ɗana, na ji daɗin yadda ka jira ni." Sakamako ba lalle kuɗi ko biskit ba ne. Idon uwa da muryar uba sun fi su nauyi. Bulala tana iya tsayar da mugun hali na ɗan lokaci, amma ba ta nuna wa yaro abin da ya kamata ya yi a maimakonsa.

Ga misali na biyu, wanda ya shafi gidajenmu da yawa. Yawancinmu muna da yaren iyayenmu, ko Birom, ko Angas, ko Bajju, ko Bacama, ko Tangale, ko wani. Yaran da suka tashi a gari sun fi jin Hausa da Turanci. Lokacin Kirsimeti a je ƙauye, yarinya ta yi ƙoƙari ta gai da kakarta da yare, harshenta ya karkace. Sai kowa ya fashe da dariya, a yi ta maimaita kuskuren. Daga ranar nan ba za ta ƙara gwadawa ba. Bayan shekaru mu ce yaran zamani ba sa son yare. Mu ne muka rufe musu baki. Da kaka ta amsa gaisuwar da fara'a, ta maimaita kalmar daidai a cikin amsarta, ta ce, "Jikata, kin iya," da gobe yarinyar ta kawo kalma biyu. Yare yakan mutu a gida ta wurin dariya, yakan kuma rayu ta wurin ƙarfafawa.

Haka yake a ikilisiya. Sabon mai bi ya tashi yin addu'a karo na fari, yana in'ina. Saurayi ya karanta nassi ya yi tuntuɓe. Abin da dattawa suka yi a wannan minti zai iya sa ya sāke tashi ko ya zauna har abada. Ku tuna da Afolos a Ayyukan Manzanni 18. Koyarwarsa ba ta cika ba, amma Bilkisu da Akila ba su kunyata shi a gaban jama'a ba. Suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Ku tuna da Markus, wanda ya gudu daga tafiyar bishara. Barnaba ya sāke ɗaukarsa, daga baya Bulus da kansa ya shaida a 2 Timoti 4:11 cewa Markus yana da amfani a gare shi. Ubangijinmu kuma ya ba Siman suna Dutse tun ranar da suka fara haɗuwa, tun bai zama dutse ba.

Mazubin duniya

Ba mu kaɗai muke siffanta yaranmu ba. Skinner ya nuna cewa halin da ya fi wuyar bari shi ne wanda ake sāka wa jefi-jefi, ba a san ranar samu ba. Shi da kansa ya ce haka caca take kama mutum. Ku dubi shagunan cacar ƙwallo da suka cika garuruwanmu, da wadda ake yi a waya. Saurayi ya sa naira 100 ya ci sau ɗaya. Ya yi hasara sau goma, amma cin nan guda yana kiransa. Daga naira 100 ya kai kuɗin makaranta, ya kai kuɗin taki. Mataki mataki ne, daidai da na tantabara. A Romawa 12:2 Bulus ya gargaɗe mu kada mu bar zamanin nan ya ba mu kamarsa, sai dai mu sāke ta wurin sabunta hankalinmu. Narkakken alminiyum ba ya zaɓen mazubi, amma mu muna iya zaɓen inda muke zama da abin da muke kallo.

Iyakar dabara

Kada mu ɗauka mutum tantabara ne. Ko dabba ma tana da iyaka. Keller Breland da matarsa Marian sun horar da dabbobi dubbai, a 1961 kuma suka ba da labarin abin da ya gagare su. Sun koya wa aladu su ɗauki kuɗin katako su sa a asusu, a ba su abinci. Da fari aikin ya tafi daidai. Bayan makonni sai aladun suka fara yar da kuɗin a ƙasa suna turawa da hanci, kamar yadda alade yake tonon ƙasa, ko da hakan yana jinkirta abincinsu. Duk mai kiwon alade zai gane wannan. Halin da aka halicce su da shi ya rinjayi horon.

Masassaƙi ya san kowane itace da jijiyarsa. Yaro ma haka. Wani mai shiru ne, wani mai surutu, wani hannu ne baiwarsa, wani littafi. Aikinmu ba mu mai da shi hotonmu ba ne. Allah ya riga mu sa hannu a kansa. Dabara kuma tana iya gyara hali na waje, ta koya wa yaro ya durƙusa ya yi gaisuwa, amma sabuwar zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Saboda haka muna koyarwa, muna kuma addu'a.

Ku lura da wani abu a Irmiya 18. Bayan hoton yumɓu, Ubangiji ya bayyana cewa idan al'ummar da ya yi wa kashedi ta tuba, zai janye hukuncin, idan kuma wadda ya yi wa alkawarin alheri ta juya ga mugunta, zai janye alherin. Ashe yumɓun da ake magana a kai yana iya amsawa. Yana iya yin laushi, yana iya taurare.

Kafin a sa wuta

A sura 19 an sāke aiken Irmiya, wannan karo ya sayi tulu wanda an riga an gasa, ya fasa shi a gaban dattawa a Kwarin Hinnom, alamar abin da ba ya gyaruwa. Bambancin surorin nan biyu wuta ce. Busasshiyar tukunya da ba a gasa ba, in ka jiƙa ta za ta koma yumɓu. Amma idan zafi ya kai wajen digiri 600, ruwan da yake ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓun yakan fita, ba ya kuwa komowa. Shi ya sa siffofin Nok suka yi shekaru dubbai a ƙasa ba su narke ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Baba da mama, shekarun da yaro yake cin tuwo a gabanku ba su da yawa.

Amma kada wani ya ce, "Ni an riga an gasa ni," ko, "Ɗana ya riga ya wuce gyara." Masana sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum tana ci gaba da girma har bayan shekara 20, tana kuma iya koyon sabon abu har tsufa. Muddin mutum yana numfashi, yana sura 18 tukuna. Masu ginin tukwane ma sukan daka tsingaro su gauraya da sabon yumɓu, don sabuwar tukunya ta jure wuta kada ta tsage. Dattijon da sha ya taɓa farfasa rayuwarsa, ya tuba, shaidarsa tana iya ƙarfafa samari goma.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Wane hali ne a gidanmu muke ƙarfafawa ba da niyya ba?
2. Wane ƙaramin ƙoƙari ne yaronmu ya yi a makon nan da ba mu ce masa madalla ba?
3. Wace kalma ɗaya ta yarenmu za mu koya wa yara yau?
4. A ina ne muke taurare wa hannun Ubangiji?

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode da ba ka jefar da mu ba lokacin da muka lalace a hannunka. Ka ba mu zuciya mai laushi. Ka koya mana haƙuri da 'ya'yanmu da sababbin masu bi, mu ga ƙaramin ƙoƙarinsu, mu ƙarfafa su. Ka tsare samarinmu da 'yan matanmu daga tarkon caca da kowane mugun mazubi. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi. Amin.

Sai mun sāke saduwa mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Ubangiji ya kiyaye ku, ku da iyalanku.